Ƙirgen Haruffa ko Sanin Kalmomi: Sharhi a kan Littattafan Koyon Hanja a Koriya

1. Gabatarwa

Da wuya a sami ma'aikacin yaƙi da jahilci wanda bai taɓa jin sunan Sarki Sejong ba, ko da ta hanyar lambar yabon da hukumar UNESCO ta kafa da sunansa a shekara ta 1989. Wannan sarki shi ne ya ƙago wa mutanen Koriya abajadinsu a 1443, aka shelanta shi a 1446. Ana kiran abajadin hangul, kuma a yau baƙaƙensa 14 ne, wasulansa 10. Saboda sauƙinsa, akan kafa hujja da shi duk lokacin da ake zancen koyar da jama'a karatu cikin harshensu.

Sai dai akwai wani ɓangare na labarin da ba a cika faɗa ba. Kafin hangul, da kuma ƙarnuka da dama bayansa, malaman Koriya da haruffan Sin suke rubutu, waɗanda suke kira hanja. Ta wannan ƙofa kalmomin Sinanci suka kwarara cikin Koriyanci, har ya zama fiye da rabin kalmomin da ke cikin babban ƙamus na ƙasa, wanda aka buga a 1999, masu asalin Sinanci ne. Yau ana rubuta su duka da hangul, amma saiwarsu tana nan. Shi ya sa har yanzu ake buga littattafan koyon hanja a Koriya ta Kudu, ana shirya jarrabawa, iyaye suna kashe kuɗi.

Manufar wannan sharhi ita ce a auna waɗannan kayan koyo da ma'auni guda: shin suna taimakon mai koyo ya fahimci kalmomin da yake gamuwa da su cikin karatunsa na yau? Idan aka auna su haka, za a tarar yawancinsu haruffa suke ƙirgawa, kaɗan ne ke koyar da kalmomi.

2. Abin da mai koyo yake bukata

Matsayin hanja ya sauya ƙwarai tun daga 1948, shekarar da Koriya ta Kudu ta yi dokar rubuta takardun hukuma da hangul. A 1970 gwamnatin Park Chung-hee ta cire hanja daga littattafan makaranta. A 1988 jaridar Hankyoreh ta fara fitowa da hangul zalla, sauran jaridu kuma suka riƙa rage hanja sannu a hankali. A watan Nuwamba na 2016 kotun tsarin mulki ta tabbatar da cewa rubuta takardun hukuma da hangul, da mai da darasin hanja na zaɓi, ba su saɓa wa tsarin mulki ba. Abin da ya rage a idon mai karatu shi ne ƴan haruffa a kanun labarai, kamar 美 a madadin Amurka, 日 a madadin Japan, 北 a madadin Koriya ta Arewa, sai sunayen mutane, da littattafan shari'a da na tarihi.

Ke nan ɗan Koriya na yau ba ya bukatar hanja don ya rubuta wasiƙa. Amfaninta gare shi yana wajen gane ginin kalma. Harafin 學, alal misali, ana furta shi hak, ma'anarsa koyo. Wanda ya san shi zai gane dangantakar hakgyo (makaranta), da haksaeng (ɗalibi), da daehak (jami'a), da gwahak (kimiyya). Amfani na biyu shi ne rarrabe kalmomi masu lafazi ɗaya. Gaɓar su tana iya zama 水 (ruwa), kamar a cikin hongsu, ambaliya. Ko 手 (hannu), kamar a cikin susul, aikin tiyata. Ko 數 (adadi), kamar a cikin suhak, lissafi. A rubutun hangul duka ukun kamarsu ɗaya.

Wannan shi ne abin da ya kamata littafin koyo ya sa a gaba. Da shi za a auna na da da na yanzu.

3. Littattafan gargajiya

Littafin da ya fi kowane daɗewa a hannun yaran Koriya shi ne Cheonjamun, wato littafin haruffa dubu. Wani malamin Sin mai suna Zhou Xingsi ya tsara shi a ƙarni na 6, haruffa 1,000 cikin layuka 250, kowane layi haruffa huɗu, ba a maimaita harafi. A Koriya bugun da ya fi shahara shi ne na 1583, da rubutun hannun Han Seok-bong. Da shi yaro yake fara karatu a seodang, makarantar ƙauye inda ake zama gaban malami ana biya karatu da ƙarfi har ya zauna.

Dole a yaba wa wannan tsari da abu guda. Kowane harafi ana haddace shi da suna mai kashi biyu: kalmar Koriyanci ta gida wadda ke ba da ma'ana, ana ce mata hun, sannan lafazin aro, ana ce masa eum. Harafin ruwa sunansa mul su, na itace namu mok, na mutum saram in. Da numfashi ɗaya yaro ya riƙe ma'ana da lafazi tare, kuma ma'anar cikin harshen uwarsa ta zo masa. Duk littattafan zamani a kan wannan dabara suka ginu.

Amma tsarin littafin kansa ba don koyar da yara aka yi shi ba. Gwanintar marubuci ce ta jera haruffa dubu ba maimaici, shi ya sa layukansa suka cika da ishara ga sarakuna da labaran Sin na dauri, wasu haruffan yau da kullum kuma ba su sami shiga ba. Malaman Koriya sun ga wannan aibi tun da daɗewa. A 1527 Choe Sejin, wanda tafinta ne kuma malamin Sinanci, ya fitar da Hunmong jahoe, mai haruffa 3,360 cikin juzu'i uku. Ya kasa su bisa jigo 33, kamar sassan jiki, da tsuntsaye, da hatsi, da kayan gida, ya fara da sunayen abubuwan da yaro ke gani da idonsa. Ya kuma rubuta hun da eum na kowane harafi da hangul, ya buɗe littafin da bayanin abajadin, kuma daga nan ne sunayen baƙaƙen hangul na yau suka samo asali. Wato ya mai da rubutu mai sauƙi tsani zuwa mai wuya. A farkon ƙarni na 19 Jeong Yak-yong ya sake tayar da zancen. Ya ce littafin haruffa dubu yakan taɓa jigo ya tsallake zuwa wani kafin yaro ya san ƴan'uwan harafin da ya koya, sai ya rubuta Ahakpyeon mai haruffa 2,000, rabi na abubuwa masu siffa, rabi na marasa siffa.

Duk da haka Cheonjamun ne ya ci kasuwa, har yau da sunansa ake tallar littattafan yara. Dalilin a fili yake. Yana da daɗin rerawa, kuma dubu adadi ne da uba zai iya faɗa wa maƙwabcinsa cewa ɗansa ya sauke.

Wani aibin da aka gada daga wannan zamani shi ne tsufan hun. Harafin tsauni har yanzu ana kiransa me san, alhali kalmar me ta daɗe da fita daga bakin mutane. Harafin mace an daɗe ana kiransa da gyejip, kalmar da a yau ake ɗauka ta raini, shi ya sa wasu sababbin littattafai suka musanya ta. Idan kalmar da aka kawo don ta yi bayani ita ma tana bukatar bayani, to hun ya bar aikinsa, ya koma laƙabi kawai.

4. Jerin hukuma da jarrabawa

A 1972, shekara biyu bayan cire hanja, ma'aikatar ilimi ta fitar da jerin haruffa 1,800, wato 900 na koleji, 900 na lise. An gyara jerin a ƙarshen shekara ta 2000, aka musanya haruffa 44. Kusan duk littafin da ake bugawa a yau daga wannan jeri yake ɗiba, saboda haka aibinsa yakan bi su duka.

Amfanin jerin shi ne ya sa iyaka. Malami da mai buga littafi da ɗalibi kowa ya san inda aikin ya tsaya. Amma sunansa na hukuma ya nuna don darasin hanmun aka tsara shi, wato karatun Sinancin dauri. Shi ya sa ake samun haruffa irin su 矣 da 焉 da 兮 a ciki, waɗanda ƙananan kalmomin nahawu ne na tsofaffin littattafai, da ƙyar suke shiga ginin kalmar zamani. A ɗaya ɓangaren kuma harafin 癌, wanda ake furtawa am, ma'anarsa ciwon daji, ba ya cikin jerin, ga shi kuwa kalma ce da kowa ke ji a asibiti. An haɗa manufa biyu cikin jeri ɗaya, ta karanta magabata da ta fahimtar harshen yau, ba a cika ko ɗaya ba. Bugu da ƙari, an jera haruffan ne bisa tsarin abajadi. Jerin bai faɗi wanda za a fara koya ba, bai kuma faɗi kalmomin da za a koya da shi ba.

Tun da darasin ya zama na zaɓi, jarrabawar ƙwarewa ta ƙungiyoyi masu zaman kansu ce ta cike gurbin. Wadda ta fi suna ita ce ta ƙungiyar Hanguk Eomunhoe. Matakinta na 8, wanda shi ne na farko, haruffa 50 ne. Na 7 haruffa 150. Na 6 haruffa 300. Na 5 haruffa 500. Na 4 haruffa 1,000. Na 3 haruffa 1,817. Na 2 haruffa 2,355. Na 1 haruffa 3,500. Mataki na musamman kuwa 5,978. Akwai hikima biyu a wannan tsari da ya dace masu tsara manhaja su lura da su. Ta farko, tsanin yana da ƙananan matakai a ƙasa, yaro yana ganin ci gabansa da wuri. Ta biyu, an raba karantawa da rubutawa: a mataki na 3 ana neman mutum ya karanta 1,817 amma ya rubuta 1,000 kaɗai, a mataki na 1 ya karanta 3,500 ya rubuta 2,005. Wannan amincewa ce da cewa ido yana riga hannu.

Illar tana cikin littattafan shirin jarrabawar. Shafi bayan shafi, harafi ne babba a sama, sunansa a gefe, sai akwatuna da za a cika da kwaikwayo. Kalmomin misali sukan zo ba tare da jimla ba. Ɗalibi yana iya cin mataki na 4 ya karɓi takardar shaida, bayan shekara guda ya manta rabi, domin babu inda zai sake gamuwa da haruffan a karatunsa. Akwai kuma zancen adalci. Abin da makarantar gwamnati ta bari ga zaɓi, kasuwa ta ɗauka, sai ya zama ɗan mai hali ne ke samun mabuɗin kalmomin kimiyya da shari'a. Ma'aikatar ilimi ta taɓa shirya sa haruffa 300 a littattafan manyan azuzuwan firamare daga 2019, amma bayan doguwar gardama aka janye shirin a farkon 2018.

Daga cikin kayan yara, wanda ya fi karɓuwa shi ne littafin labari mai zane Mabeop Cheonjamun, wanda ya fara fitowa a 2003. Jaruminsa yakan kira hun da eum na harafi da ƙarfi, sai abin da harafin ke nufi ya auku: ya kira harafin wuta, wuta ta tashi. Dabara ce mai kyau, domin ta haɗa siffa da ma'ana da lafazi cikin hoto ɗaya, kuma yaro da kansa yake neman littafin. Sai dai kowane juzu'i haruffa kimanin 20 yake kawowa, labari ne kuma ke zaɓen su. Harafin yana zuwa shi kaɗai kamar makami, ba a cika ganinsa cikin kalma ba.

5. Littattafan baƙi

Baƙon da ke koyon Koriyanci matsalarsa dabam ce. Ɗan ƙasa ya riga ya san kalmar hakgyo, harafin ne sabo a wurinsa. Baƙo kuwa duka biyun sababbi ne.

Littafin da ya daɗe a hannun masu jin Ingilishi shi ne na Bruce Grant, A Guide to Korean Characters, wanda aka fara bugawa a 1979. Ya kawo haruffa 1,800, kowanne da tsarin jan alƙalami, da lafazi, da ma'ana, da ƴan kalmomin misali. Aiki ne mai tsabta, kuma har yanzu yana da amfani a matsayin abin dubawa. Kuskurensa yana wajen jeri: ya fara da haruffa masu ƙarancin zane ya tafi zuwa masu yawa. Bisa ga wannan, 乙 mai zane ɗaya yana shafin farko, 國 (ƙasa) mai zane 11 yana can tsakiya, 學 mai zane 16 da 韓 (Koriya) mai zane 17 suna kusa da ƙarshe. Sauƙin zanawa ba shi ne yawan amfani ba. Mai koyo zai yi watanni yana fama kafin ya iso ga haruffan da ke cikin sunan ƙasar da yake koyon harshenta.

Littafin Fred Lukoff na 1982, A First Reader in Korean Writing in Mixed Script, ya bi hanyar karatu, wato harafi cikin nassi. Hanyar daidai ce, amma rubutun gauraye da ya shirya ɗalibi dominsa ya ɓace daga jaridu. Yau masu nazarin tarihi ne za su fi cin moriyarsa.

Wanda ya fi kusa da ma'aunin wannan sharhi shi ne Handbook of Korean Vocabulary na Miho Choo da William O'Grady, wanda jami'ar Hawai ta buga a 1996. Marubutan sun juya al'amarin. Sun ɗauki saiwa, suka tara kalmomin da suka tsiro daga gare ta a wuri ɗaya, harafin Sin yana gefe a matsayin alamar da ke raba wannan saiwa da mai kama da ita. Sun kuma ware kashi na saiwoyin gida, abin da sauran suka yi watsi da shi. Littafin ba ya koyar da zanen harafi, kuma taska ce ta kalmomi wadda malami zai gina darasi a kai, don haka ba ya wadatar da mai koyo shi kaɗai. Amma shi ne ya fahimci cewa abin da ake nema kalma ce.

Akwai tarko biyu da littafin baƙo ya kamata ya yi gargaɗi a kansu. Na farko sauyin lafazi a farkon kalma. Harafin 女 ana furta shi nyeo a cikin namnyeo (maza da mata), amma yeo a cikin yeoja (mace). Kalmar ƙwadago nodong ce a Kudu, rodong a Arewa, inda ba a bin wannan ƙa'ida. Na biyu shi ne aron littattafan Sin ko Japan. Koriya tana amfani da tsofaffin siffofi, alhali Japan ta sauƙaƙa nata daga 1946, Sin kuma daga 1956, don haka 學 ya koma 学 a can, 國 ya koma 国. Ma'ana ma takan bambanta: 工夫 a Koriyanci gongbu ne, wato yin karatu, a Japananci kuwa yana nufin ƙirƙiro dabara. Akwai ma haruffan da Koriya ce ta ƙage su, kamar 畓, gonar shinkafa.

Game da ƙamus, a da sai mutum ya san mabuɗai 214 na ƙamus ɗin Kangxi na 1716 kafin ya iya neman harafi a cikin okpyeon, wato ƙamus na haruffa. Yanzu ƙamus na intanet, irin na Naver, yana karɓar harafin da aka zana da yatsa, ya kawo kalmomin da ke ɗauke da shi. Wannan ya sauke wa mai koyo babban nauyi. Littafin da har yanzu yake cinye makonnin farko wajen haddar mabuɗai duka, lokacin ɗalibi yake ɓatawa.

6. Kammalawa

A 2022 an yi ta ce-ce-ku-ce a Koriya ta Kudu a kan wata sanarwar neman afuwa da ta yi amfani da kalmar simsim. Marubucin yana nufin 甚深, wato mai zurfi, wasu masu karatu kuwa suka ɗauke ta da kalmar gida mai lafazi ɗaya, wadda ke nufin gundura. Masu goyon bayan hanja suka ce ga sakamakon barin ta. Amma a 2020 an yi irin wannan ruɗani a kan saheul, kwana uku, wadda wasu suka zaci kwana huɗu ce, ita kuwa kalmar gida ce tsantsa, ba ta da harafin Sin. Misalan biyu abu ɗaya suke nunawa: ciwon na ƙarancin kalmomi ne, hanja kuwa ɗaya ce daga cikin magungunansa, muddin an ba da ita yadda ya dace.

Saboda haka tambayoyi uku sun isa a auna kowane littafi da su. Da wane dalili aka zaɓi haruffan, kuma da wane aka jera su? Kalmomi nawa na yau harafi ɗaya yake buɗewa? Ina mai koyo zai sake gamuwa da shi bayan darasi? Bisa ga waɗannan, Hunmong jahoe na 1527 da littafin Choo da O'Grady na 1996 sun fi sauran, ko da yake kowannensu yana da giɓi. Jerin hukuma da littattafan jarrabawa sun ba da iyaka da tsani, amma sun mai da adadi shi ne manufa.

Masu tsara littattafan Hausa ba baƙi ba ne ga irin wannan tambaya. Hukunci da hukuma da hakimi da hikima duk daga saiwar Larabci ɗaya suka fito, kuma ana iya nuna wa ɗalibi wannan dangantaka cikin boko ko cikin ajami, ba sai ya fara sauke littafin sarfu ba. Gwajin Koriya ya nuna cewa sanin saiwa yana faɗaɗa fahimtar mai karatu, ya kuma nuna cewa idan hukuma ta fitar da jeri ba tare da kalmomi da nassosin karatu ba, masu buga littafi za su cika kasuwa da akwatunan kwaikwayo.